Rabin Kalmar da Ake So In Haɗiye

Zuwa ga aminina Bulus,

Gaisuwa irin ta mutumin da ya yi jinkiri, tare da girmamawa. Bayan haka, na san masinja ba ya kai takarda kabari. Amma a Makka duk ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai kai, Kirista ɗan Katolika, wanda ko da rai ba za a bari ya tako garin nan ba.

Ka san ni da farar riga, ina tafinta a ofishin Joji, Baturen mulki, kai kana koyar da addininku a ƙauyenku na kan dutse. Yau ina Jarwal, unguwar Takari, cikin ɗakin gwangwani. Turancin da na yi taƙama da shi ko ruwan sha ba ya saya mini. Shekara goma sha tara jawazina, takardar da ba a hawa jirgin ruwa sai da ita, yana cikin akwatin maigidana, attajirin da nake rubuta wa wasiƙu. Kowace shekara sai ya ce baɗi.

Yanzu ya faɗi sharaɗinsa. Akwai Kande, Bazazzagiya, mijinta ya rasu a hanyar Madina, ta shiga gidansa wanki. Yana so ya sayar da ita. Gobe da hantsi zan tsaya gaban alƙali in shaida baiwa ce, sannan maigidan ya miƙo mini jawazi. Kakansa Bakano ne, ya san Hausa har da lungunanta. Ya ce ai kowace mace baiwar Allah ce, in faɗi "baiwa" da ƙarfi, in ƙarasa sauran a zuci, ban yi ƙarya ba ke nan.

Wallahi dabarar ta burge ni, Bulus. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Kai ma an yi maka irin wannan rangwame. Ranar da dattawan tsafi suka ɗaure ka a gindin tsamiya, kawunka yana kuka yana roƙonka ka taɓa giyar hadaya da leɓe kawai, ba sai ka haɗiya ba. Matarka ta gaya mini amsarka. Ka ce wanda kake bauta wa yana ganin leɓe. Suka yi ta dukanka har la'asar.

Ni na rubuta rahoton mutuwarka. Joji ba ya son tashin hankali a ƙasarsa, ya dube ni, na gane, na rubuta zazzaɓi. Da kyakkyawan rubutuna. Na zo hajji in wanke wannan, ga shi an sake ajiye mini alƙalamin a gabana.

Ina so in koma gida, abokina. Ina so in ga 'yata Asabe, wadda na bari tana tatata, an ce yanzu har ta yaye na biyu. Gwiwoyina sun gaji da duwatsun garin nan. Kai ka mutu sau ɗaya, da rana, mutane suna kallo. Ni ba wanda zai san na yi wani abu. Zan ci gaba da tsufa ne kawai a ɗakin nan, ba ma aikin wasiƙun.

Ɗazu Kande ta wuce da ƙunshin wanki a ka, ta durƙusa ta ce, "Baba, an wuni lafiya?" Ba ta san komai ba.

Gobe zan faɗi kalmar duka, da Larabci kuma, don kada a sami mai juya ta: 'ya ce ba baiwa ba, 'yar 'yantattu. Ba jaruntaka gare ni ba. Ina dai tsoron in zo inda kuke da ƙarya biyu.

Makomarka tana hannun Allah, ba ni da bakin magana a kai. Ina roƙonsa, Shi da ya ga leɓenka, Ya riƙe nawa gobe. Ya tsare Kande. Ya sa Asabe ta yafe wa uban da ba zai dawo ba.

Naka, wanda bai cancanci sunan aboki ba,
Malam Garba Tafinta