Gudumar Kakana da Lambarsa ta Tagulla

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu ne suka gaza, kai kuwa yana nan daram.

Gidaje da shagunan nan uku ba sai na ja zance ba, a raba su yadda addini ya tsara. Kun san da teburi ɗaya na fara sayar da kayan gyaran mota, karatuna aji uku na sakandare, kuma ba wanda ya ɗaga ni. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Na ɗaya. Gudumar nan mai doguwar ƙota da ke bayan ƙofar ɗakina, da lambar tagulla da ke cikin akwatin ƙarfe, na kakana ne. Tun muna yara ake ce mana babba ne a reluwe, ni kuma na ƙara gishiri na mai da shi shugaban tasha, haka na faɗa muku. Shekara huɗu ni da 'yata Malama muna zarya ɗakin ajiyar tsofaffin takardun reluwe, muna bin rajistar shugabannin tasha layi-layi, ba shi ba alamarsa. Wani tsohon akawu ne ya hangi lambar a hannuna, ya yi dariya ya ce, "Baba, ai manya ba a rataya musu tagulla. Ku sauka ƙasa wurin littafin leburori." A can muka same shi, lamba ɗari biyu da sha bakwai.

Aikinsa duba dogo. Kullum da sassafe yana taka mil shida a ƙafa, yana bugun noti ɗaya bayan ɗaya, da kunne yake gane wanda ya saki. Shekara talatin da ɗaya yana haka. A cikin littafin, a gefen lambarsa, akwai rubutu da jan biro: ya tarar dogo ya tsage, ya ruga da jan ƙyalle ya tsayar da jirgin fasinja. Da na karanta sai da na nemi benci na zauna. Ni da nake cika baki na gina kaina, ban taɓa yin aikin da ya kama ƙafar wannan ba.

Na biyu. Injiniya, kai ne babba, kai za ka riƙe gudumar. Na san ka riga ka faɗa wa surukanka zancen shugaban tasha, shi ya sa ka ce ƙanwarka ta tona mana asiri, yau wata takwas ba ka taka gidanta ba, sai dai ka aiki Auta da gaisuwa. Ƙaryar tawa ce. In kunya kake ji, ka ce musu tsoho ne ya yi kuri, na ɗauka. Amma gudumar a falo za ta zauna inda baƙo zai gani ya tambaya, ba a sito ba.

Na uku. Malama, lambar da takardun da muka kwafo naki ne. Saura ƙanen kakan nawa, wanda aka ce yana zuba wa injin kwal. Littafin 'yan wuta ba mu kai ga buɗe shi ba, ki ƙarasa. Kuma ki rage kaifin baki. Kina da gaskiya, amma bai kamata ki faɗe ta a gaban matar yayanki ba.

Na huɗu. Malama, ranar da za ki koma ɗakin takardun, Injiniya ne zai kai ki a motarsa. Ya sauka ƙasan nan da ke, ya sha ƙurar da muka sha, ya ga jan rubutun da idonsa. Ban yarda ya jira a mota ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya sa ku ci halal ɗinku komai ƙanƙantar aikin. Ku riƙe juna, ku riƙe mahaifiyarku. Duk abin da kuka yi mini na yafe, in ban da abu ɗaya: ba zan yafe ba in kuka bar Auta yana kai-kawo da gaisuwa tsakanin wa da ƙanwa bayan raina.