Ƙotar da Aka Jiƙa a Duro

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Kula da Lafiyar Ma'aikata, Kamfanin Fasa Dutse
Daga: Dogo mai guduma, rukunin masu tsaga dutse
Kwanan wata: 16 ga Yuni

Game da: Sabuwar ƙotar da kafintan kamfani ya sa wa gudumata, da abin da ta jawo

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da koke a kan mutumin da kamfani yake kira kafinta. Ni ma haka zan kira shi, don girman ofishinka.

1. A ranar 2 ga Yuni ƙotar babbar gudumata ta tsage. Na kai ta sito kamar yadda doka ta ce, tunda an hana mu gyara kayan aiki da hannunmu. Kafinta ya karɓa yana danna waya, ko kallon ramin gudumar bai yi ba.

2. Ya samo ɗanyen ice wanda har yanzu yake ƙanshin daji, ya fere shi siriri kamar muciya. Maimakon ya tsaga kan ƙotar ya danna weji ya cika ramin, sai ya buga ƙusoshi biyu a karkace. Da ya ga kan yana rawa, ya jefa gudumar cikin duron ruwa ta kwana, icen ya kumbura ya kama. Washegari ya shafa mata jan fenti, mai duba kaya ya girgiza ta sau ɗaya ya sa hannu. Fentin kam, Yallaɓai, ya yi kyau.

3. A aikinmu mutum biyu ne: ɗaya ya durƙusa ya riƙe cizal, wato ƙarfen tsaga, a kan dutse, ɗaya ya ɗaga guduma. Mai riƙe mini cizal kuwa ƙanen matata ne. A ranar 9 ga Yuni, bayan icen ya sha rana ya bushe, na ɗaga na sauke, kan gudumar ya fice ya same shi a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashin. Har yau ba ya iya ɗaga cokali, kuma yayarsa takan ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba.

4. Kafinta ya shaida wa manaja cewa wai hannuna ne ya kauce. Shi da ko ƙusa sai ya lanƙwasa ta kafin ta shiga, shi ne yake ba da fatawa a kan saiti. Maganarsa ta zaga wurin aiki, yanzu duk rukuninmu babu mai yarda ya durƙusa a gabana. Ban ga laifinsu ba. Amma mai guduma da ba shi da mai riƙe masa cizal ya tashi daga aiki, ko da ba a ba shi takardar sallama ba. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a ɗauki nauyin jinyar ƙanen matata, a fito da duk gudumomin da ke sito a shanya su a rana kafin a duba su, kuma a wanke sunana a gaban abokan aikina.

Idan kuwa kafinta ya tsaya a kan cewa aikinsa ba shi da aibu, akwai sauran gudumomi masu jan fenti. Ya zaɓi wadda ya fi amincewa da ita, ya zo ya riƙe mini cizal a gabanka. Na yi alkawari hannuna ba zai kauce ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Dogo mai guduma