Iskar da Valentin Yake Bina

Litinin, 12 ga Fabrairu, 1714

Bakina ya sake ja mini. Sarki ya mutu ranar Asabar, aka yi shelar makoki: wata shida ba kiɗa a ƙasar nan, har ogan, babban abin kiɗan coci mai aiki da iska, za a rufe. Ni kuwa da giya kofi biyu a cikina na ce a mashaya, ai wannan ne alheri na farko da sarki ya yi wa ƙafafuna. Kowa ya yi dariya, ban da surukin magajin gari.

Yau an kira ni majalisa. Magajin gari ya ce, "Kilian, kai da aikinka taka zuga-zugi, me ya kai ka taka gawar sarki?" Na ce santsi ne, ranka ya daɗe. Bai yi dariya ba. In na ƙara laifi ko ɗaya, za a karɓe gidan cocin da muke ciki, ni da ɗana Valentin da matarsa Sabina da jaririyarsu.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Valentin bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Shi ne mai kaɗa ogan na garin nan, ni nake bayan katako ina ba shi iska. Uba yana gumi, ɗa yana shan yabo, tsarin ya yi mini. Tun kaka yake rubuta kiɗan bikin Ista, ga shi an ɗaure murfin ogan da igiya da hatimi.

Tarinsa ya dawo.

Asabar, 10 ga Maris

Sabina tana wanke ƙyallayensa daban, tana ɓoye mini. Karatu ne ban yi nisa ba, amma na san jini.

Valentin ya gama rubuta kiɗan. Ya nuna mini takardun, na ce kamar ƙudaje sun zauna a kan shinge. Ya yi dariya har ta zame masa tari. Ogan da hannu da ƙafa ake kaɗa shi; ya ce a wani wuri ƙafafu ke ɗaukar waƙar, ƙasa-ƙasa, hannaye suna binsu. "Wurinka ne, Baba." Na ce to a biya ni.

Lahadi, 1 ga Afrilu

Ista ba ogan. Jama'a sun rera waƙa kamar tumakin da ruwa ya doka.

Da aka watse Valentin ya riƙe hannun rigata a ƙasan matakalar ogan. "Baba, ka taka mini sau ɗaya. Igiya ce kawai. A cikin kaina kaɗai na taɓa jinsa." Na ce ka bari Agusta, yaro, Allah ma ya huta da hayaniyarmu. Ya kalle ni, ya ce, "Agusta," ya saki rigar.

Gidan nake tunani, da jaririyar. Haka dai nake faɗa wa kaina.

Laraba, 18 ga Afrilu

Na je wurin Fasto. Ya ce dokar ba tasa ba ce. Ya ba ni tuffa biyu.

Da na dawo na tarar da Valentin yana kaɗawa a kan teburin cin abinci, yatsu a katako, ƙafa a daɓe, idonsa a rufe. Na tsaya a bakin ƙofa da tuffa a hannu kamar ɓarawo.

Juma'a, 4 ga Mayu

Da safe na ɗauki wuƙar yankan burodi na ce wa Valentin tashi mu je mu yanke igiyar, su kore mu, an taɓa kwana a rumbu ba a mutu ba. Sabina ta ce, "Baba, dube shi mana." Duk da haka ya ce a ɗaga shi. Muka kai shi coci a kafaɗunmu, muka hau ƴan matakai, numfashinsa ya ƙare. Muka zauna nan. Ya ce, "Kai ma ka tsufa, da ka goya ni."

Talata, 8 ga Mayu

Mun binne shi. Ba kiɗa, doka ce.

Lahadi, 19 ga Agusta

An yanke igiya. Sabon mai ogan, Herr Lobeck, yaro ne mai turare da yatsu masu gudu. Na kai masa takardun Valentin. Ya juya biyu ya ce kiɗan tsohon yayi ne, kuma ya yi tsawo, yanzu mutane sun fi son abu mai sauƙi. "Wataƙila baɗi, tsoho." Na koma bayan katako na taka masa. Iska ce, ba ta zaɓen mai ita.

An bar mu a gidan. Kowa yana cewa na yi hankali.

Asabar, 8 ga Satumba

Sabina ta iya karanta ƙudajen, Valentin ne ya koya mata. Bayan azahar, in coci ba kowa, ita take taka zuga-zugi da jaririya a gefe, ni in zauna a kujerarsa, tana kira mini daga baya: na uku daga hagu, Baba, ba wannan ba. Da yatsa ɗaya nake bi. Mai shara ya ce ya zaci an taka wutsiyar maraƙi.

Ban je mashaya ba tun watan Mayu. Ƙafa ce ke ciwo.

Layin farko ya fara kama da wani abu. Yau Sabina ta daina takawa a tsakiya, na ji iskar tana zubewa, ban juya ba. Wurin ƙafafu yana can kusa da ƙarshe, kuma idona ba kamar da ba. Gobe layi na biyu.