Keken Kamfanin Lemo

Unguwar Bani Malik, daren Asabar, Sha'aban 1428

An kira wayar gidan nan da la'asar. Wai 'yata Hadiza ta ci keke a wasan tseren kwalabe na shafin intanet ɗin kamfanin lemo, a zo karɓa da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan.

Na tambaye ta me ta rubuta musu kafin wasan ya buɗe. Ta ce, "Baba, suna ne da waya da unguwa, halas, shi ke nan."

Iƙamarmu ta mutu tun rasuwar kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mana. Shekaruna a aikin jarida sun koya mini ba a raba keke don Allah. Hadiza ta yi barci tana zaɓen launin keken.

Har yanzu ban tabbatar ko lambar da ta kira ta kamfanin ce ko ta masu kamen marasa iƙama ba.