Hoton da Kika Kalli Gefe

Zuwa ga Uwar Rabi,

Bayan gaisuwa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina da rai ba ki iya karatu, ni ma haka. Malam Idi na bakin kasuwa ne ke rubutawa, na kuwa ce mishi ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana, kada kuma ta fita daga bakinshi. Shawara ce ta taso a kanki, na ga bai dace in yanke ban gaya miki ba. Maganar hotonki ce, ko a rataye shi a Maraɗi ko kada a rataye.

Gida lafiya. Hatsi zai kai mu damina in Rabi ta rage hannu, ɗiyar taki tana damu kamar za ta ciyar da ayari. Jar akuyarki ta haihu, biyu, ɗaya bai tsaya ba. Rijiyar unguwa ta ƙara nisa, masu ja suna ta neman igiya, ban rasa aiki ba. Dangar da kika ce in gyara tana nan yadda kika bar ta. Awakin Ɗan Tani ne suka karya ta, shi ya kamata ya gyara, ina jiran shi. Yayanki Ilo na Birnin Lalle bai zo gaisuwa ba sai da aka watse. Ya zauna ya sha fura, kafin ya tashi ya tambayi inda ƙorenki suke. Ban manta ba.

Sai yaron nan, babban, wanda ni da ke ba mu kama sunanshi. Yana can kolej a Maraɗi. Kin san ba ni na kai shi lakwal, makarantar nasara, ba. Mai gari ne ya ba da sunanshi don mun yi cacar baki a kan iyakar gona, aka zo aka ɗauke shi yana kiwo. Yanzu an ce ƙasa ta dawo hannunmu, an ɗaga tuta, an yi kiɗa. To ɗana ya dawo gona? Malamin da ke koya musu ɗaukar hoto ma, mushe suke ce mishi, nasara ne, bai tafi ko'ina ba.

Kin tuna hutun damina da ya zo da akwatin hoton nan rataye a wuya kamar laya. Na lakwal ne, aro aka ba shi. Kowane lokaci mushe da aikin da yake ɗora musu. Wani karo a ce su ɗauko hannu yana aiki, wani karo inuwa, wani karo ruwa. Ranar kasuwa ya je wurin dabbobi ya kwanta rub da ciki gaban raƙuma, da rigarshi, Buzaye suna ta dariya, aka zo aka gaya mini a rumfata. Wata Bafillatana ta bi shi da ludayi don ya nufe ta da akwatin tana auna nono. A bakin rijiya ya tsaya tun hantsi yana jiran guga ta fito daidai inda yake so, masu ja har suka ce ko ya ja ko ya ba su wuri. Da tsakar rana ba ya ɗauka, wai rana tana cinye idanun mutane. Ni ya ɗauki hannuwana ina tufkar igiya, da hoton ya fito babu kaina. Wai mushe hannu kawai yake so. Mutum da kanshi, a yanke a ce hannu kawai?

Abin da ban gane ba, ya danna amma bai san abin da ya kama ba sai ya koma Maraɗi, ya shiga wani ɗaki mai duhu ya jiƙa takarda cikin ruwan magani. Na ce mishi maharbin da bai san ko ya samu nama ba sai bayan wata guda, wane irin maharbi ne? Bai cika amsa mini ba, wannan daga gare ki ya ɗauko.

Sannan aka ba su aikin da ya kawo duk wannan. Kowa ya ɗauko fuskar uwarshi. Shi nasara ina ya san kunyar ɗan fari? 'Ya'yan 'yan kasuwar Maraɗi an ce iyayensu mata sun yi ado sun zauna kan kujera sun kalli akwati. Ke kuwa da ya nufo ki sai ki ba shi baya. In ya zagayo ki ja mayafi. In ya daɗe tsaye ki shige ɗaki ki bar tuwo kan wuta. Na ji shi yana yi wa Rabi ƙorafi, wai a hutun baya ya kai hoton bayanki kina riƙe da taɓarya, mushe ya mayar mishi ya ce wannan ba fuska ba ce. Ni dai na ji daɗinki. Wace uwa ce ke zuba wa ɗanta na fari ido? Uwarki ba ta yi wa Ilo ba, tawa ba ta yi wa yayana ba. Tun yana goye, in baƙi suka zo kike miƙa shi ga wata kamar ba naki ba.

Da ya ga ba zai ci ki ba sai ya yi dabara. Aka ce miki Rabi ce za ta ɗauka. Ya kifa turmi gaban rumfa da la'asar, ya ɗora akwatin, ya murɗa abin da zai murɗa, ya nuna mata inda za ta danna. Kina zaune kina kaɗi. Ya ce inuwar rumfa ta yi yawa, ya je ya ciro farar rigata daga igiyar shanya, ba tare da ya tambaye ni ba, ya tsaya gefe ya ɗaga ta sama da kanshi don ta maido miki da haske a fuska. Kanshi yana bayan rigar, ba ya ganin ki. Rabi ta danna. Ina zaure ban san an yi ba, rigar kawai na gani da ƙasa a gefenta, na yi faɗa.

Abin da ya biyo baya ba sai na gaya miki ba, kin fi ni sani. Aka yi girbi, ciwon ƙirjin nan ya kwantar da ke, aka yi sassaƙe aka yi rubutu, Allah ya yi ikonshi. Saƙo bai kai Maraɗi ba sai da muka dawo daga kushewa. Direban da na ba saƙon ya tsaya sha'aninshi a hanya. Shi ma ban manta ba.

Da hutun bazara yaron ya zo. Ya same ni a zaure, ya durƙusa, ya ajiye takarda gabana. Ke ce. Zanen saƙin nan, ɗankwalin da ya koɗe, zanen fuskarki duk sun fito, har wushiryar. Amma ba ki kalli akwatin ba. Idonki yana gefe, wajen da yake tsaye da rigar. Mazari ya tsaya a hannunki, zare ya saki. Bakinki a ɗan buɗe. Uwar Rabi, kallon shi kike yi. Kin ga ya rufe kanshi, kika ce babu mai gani, kika manta da abin da ke kan turmi.

Ya ce ƙarshen shekara za a yi taro a kolej, a rataye hotunan 'yan lakwal a bango, manya su zo daga Yamai. Wanda aikinshi ya yi musu za su ɗauke shi ya koyi sana'ar sosai, ya zama mai ɗaukar hoto na gwamnati. Mushe ya ce duk cikin abin da ya ɗauka babu kamar wannan, in bai kai shi ba kada ya sa rai. Na ce mishi to ai Rabi ce ta danna, su ɗauki Rabi. Ya ce shi ya auna haske, shi ya auna nisa. Na ce ko ma wa ya auna, matata ba ta hawa bango ƙarti su tsaya suna kallo, balle a wannan hali. Na ɗauke takardar na sa aljihu, na ce magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Ya ciro wani baƙin abu siriri kamar saɓar maciji, ya ɗaga wajen ƙofa ya ce in duba. Ke ce a ciki, ƙarama kamar farce, fuskarki fara, haƙoranki baƙi. Ya ce wannan ne asali, da shi ana iya fitar da irin na aljihuna ko nawa aka so, da ya ga dama da ya rataye ban ma ji labari ba. Sai ya naɗe shi a takarda ya ajiye kan agalamina, buzun da nake zaune a kai, ya yi sallama, ya bi motar Maraɗi. Da ya yi mini tsiwa da na fi samun sauƙi. Me zan yi da yaron da ya ba ni wuƙa da nama ya tafi?

Na tambayi malamai. Ɗaya ya ce hoto haramun ne, ɗaya ya ce in ba shi da inuwa ba komai, suka bar ni suka kama gardama tsakaninsu. Labari ya kai Birnin Lalle, ban san ta bakin wa ba, ina zargin Rabi. Ilo ya aiko wai in ƙone duka biyun, kada a zubar musu da mutuncin gida. Shi da bai riski jana'izarki ba. Tun ranar na san ba za a ƙone ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Kallon nan ba baƙo ba ne gare ni. Na gan shi ranar da aka tafi da shi lakwal, kina bayan rumbu kina yi kamar kina tsintar ƙaiƙayi. Na gan shi duk lokacin da ya dawo hutu ya sunkuya yana cin tuwo. Ranar da aka yi mishi kaciya ma na gani. Kina tsammani kin ɓoye, ni kuma na bar ki a haka, don in na ce na gani sai ki daina. Shi kaɗai ne bai sani ba. Ya girma yana ganin Rabi kike so, ya taɓa faɗa wa abokinshi haka ina ji ta bayan danga. Ban gyara mishi ba, ba aikin uba ba ne. Sai da kika tafi ya jiƙa takarda a ɗakin duhun nan shi kaɗai, fuskarki ta fito, ya gani da idonshi. Ban tambaye shi abin da ya ji ba. Ba zan tambaya ba.

Hoton yana cikin akwatinki ƙarƙashin zannuwa. Ina fito da shi in Rabi ta tafi rijiya. Kwanan baya na daɗe ina dubawa sai na lura da abu ɗaya. Shi ba ya ciki. Rigar ma ba ta ciki. Mace ce zaune tana kaɗi ta kalli gefe. Wanda bai sani ba zai ce akuya ce ta shiga miki hatsi. Manyan Yamai ina suka san wanda ke tsaye a wurin? Ni na sani, shi ya sani, Rabi ta sani, ita kuma na gaya mata abin da zai same ta in ta ƙara buɗe baki. Kunyarki tana nan inda kika bar ta, muddin ba a faɗa ba.

Sai dai yaron ya ce akan rubuta bayani ƙarƙashin kowane hoto, mushe ma har ya zaɓi nashi, wai uwa tana kallon ɗanta. Wannan ne ba za a yi ba. Ni ban iya karatu ba, in sun ce sun canja ba ni da yadda zan gane. Saboda haka kada a rubuta komai, ko baƙi ɗaya. Bango, hoto, shi ke nan. In manyan suna son aikinshi su so shi haka. In sai da rubutu, ya dawo ya kama hauya, gona ba ta ƙi shi ba.

Ba zan ba direba ba, na ga aikin direbobi. Ranar kasuwa mai zuwa zan hau motar da kaina, da baƙin abin a aljihu. Rabona da Maraɗi tun ana kai gyaɗa bisa jakai. Zan sa su fitar da shi, in ga inda za su rataye ki, kada ya zama kusa da ƙofa ko kusa da hoton wani namiji. Ranar taron zan shimfiɗa agalami ƙarƙashinki in zauna da sandata. Wanda ya duba ya wuce, lafiya. Wanda ya daɗe tsaye zan ce mishi ya isa, ko daga Yamai ya zo. In wani ya tambayi me kike kallo, zan ce ba ruwanshi.

Na san da kina nan da ba ki yarda ba, da kin shige ɗaki. Amma ke kika kalla, ba ni ba. In kin ji haushi ki ajiye shi, ba zan daɗe ba, in na zo mu yi ta.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki, ya sa kin huta.

Ni ne mijinki,
Mai igiya na Dakoro, da bakin kaina.