Garantin da ya ƙare injina yana lulluɓe a zaure

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke haɗa mana injinan sussuka a Kano,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, da iyali da ma'aikata. Sunana Haruna, daga Gude a ƙaramar hukumar Kabo. Sussukar masara da dawa ce sana'ata, a hannun mahaifina na gaje ta, shi kuma injinku ne ya fara kawowa garinmu.

A zamaninsa kuna da wani bakanike, Malam Sabo, Allah ya jiƙansa. Da zarar masara ta fara bushewa a gona za mu ji ƙarar babur ɗinsa. Ya sha fura, ya sa a tayar da injin, ya tsaya ya kasa kunne, ya nuna abin da zai lalace tun bai lalace ba. Garantinsa a baki yake, kaka biyu, kuma bai taɓa saɓawa ba. Wallahi ina kewar wannan bawan Allah.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Mu manoma ba ma sayen inji sai mun sayar da amfanin gona. Da rani na sayi sabonku a wajen dilanku na Gwarzo, na lulluɓe shi da tamfol a zaure. Rani ya wuce, damina ta wuce, ko tayar da shi ban yi ba, ashe garantinku na wata goma sha biyu yana can yana tafiya.

Na biyu. Da kakar bara ta zo, mako uku ya yi yana aiki boris ɗinsa, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sauƙaƙa juyawa, ya cinye. An canza mini, na gode. Bana, a makon farko, wannan wurin dai ya sake cinyewa, har ya tanƙware ƙarfen da ke juyawa a ciki. Na kai shi Gwarzo aka ce garanti ya ƙare, shi kuma boris ɗin da aka sa bara ba shi da nasa garantin. Haba Yallaɓai, gyaran da bai wuce makon farko na wata kakar ba ai ba gyara ba ne.

Na uku. Wani matashin ma'aikacinku, mai ladabi ƙwarai, ya yi mini bayanin cewa da kwamfuta kuke auna sau nawa inji zai lalace a shekara, ku zuba kuɗin gyaran a cikin farashi. To madalla, ke nan na biya kuɗin gyaran shekara guda. Amma injin da kuka auna irin na markaɗe ne, mai aiki kullum. Nawa a cikin shekarar ko wata biyu bai cika yana aiki ba. Wanda ya yi muku wannan lissafin bai taɓa kwana a ƙauye ba.

Roƙona shi ne ku riƙa ƙirga garanti da kaka, ko daga ranar da inji ya fara aiki, abin da kuka canza kuma ya samu nasa garantin. Nawa dai ku taimaka ku gyara shi a wannan makon.

Masarar mutane tana jibge a ƙasa, gara ta fara shiga. Da yawa sun kirawo wani mai inji daga garin Kara, ban kuma ga laifinsu ba. Inna Hajara ce kaɗai ta ƙi, tsohuwar da ke riƙe da jikoki marayu huɗu, ta ce tun mijinta yana raye gidanmu ke yi musu sussuka, za ta jira ni. Kunyarta nake ji, har na daina bi ta ƙofar gidanta. Idan Juma'a ta wuce ban ji daga gare ku ba, ni da ƙafata zan je Kara in kirawo mata injin wani.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a kamfanin, ya ba ka ikon duba kukana.

Wassalam,
Haruna mai injin sussuka, Gude.