Kurege a Gaban Aji

Litinin, 6 ga Oktoba
Malama Lindqvist ta raba mu biyu-biyu. Littafin nan da muke karantawa, na ƙasar da hukuma ke ƙone littattafai, kowa zai fito gaban aji ya yi bayanin dabba ɗaya da ke cikinsa. Ni da Desmond aka haɗa, kurege muka samu. Gaban aji fa! Ni da ko sunana aka kira sai murya ta maƙale.

Laraba, 8 ga Oktoba
Desmond ya ce, "Wasu sun samu kerkeci, mu an ba mu ɓera mai gayu." Na yi dariya har na ƙware. Idonsa kalar zuma. Ba kallo na yi ba, gani na yi.

Asabar, 11 ga Oktoba
Ina bakin taga, wani kurege yana ta binne 'ya'yan itace a ciyawar gidanmu. Sai na gane! Shi ya sa marubucin ke kwatanta masu ɓoye littattafai da shi: a binne, ko mai binnewa ya manta, wata rana bishiya ta fito. Na hau tsalle a gado. Mama daga ƙasa: "Linnea, rufin za ki rufto mana?"

Talata, 14 ga Oktoba
Na yi wa littafin bango da jakar takardar kanti, kamar kowa. Littattafan soyayyata ma haka nake musu, saboda hotunan gaban.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Wayyo ni! Bango iri ɗaya, ashe na soyayya na ɗauko. A gaban aji na buɗe inda na sa alama, na karanta da ƙarfi: "Ya matso kusa da ita, numfashinsa..." Sai na tsaya. Aji ya ɗauka da dariya. Odalys, wata 'yar ajinmu, daga kujerar baya ta ɗaga murya, "Ci gaba, 'yar gari, ya sumbace ta ko kuwa?"

Desmond ya nuna ni, ko murmushi babu. "To ga kuregen nan, jama'a. An tono nata."

Ni ma dariyar ta kama ni. Ina dariya na fara bayanin bishiyar, na kai har ƙarshe, muryar ba ta tuna ta maƙale ba. Malama tana share hawaye. Odalys ta ari littafin, akwai layi a bayanta.

Litinin, 20 ga Oktoba
Malama ta yi tambaya kan kerkeci, sai ga hannuna a sama. Miƙa nake yi, ina ji. Amma tunda ta kira ni na amsa. Ƙararrawa ce ta katse ni.